Ƙahon da Aka Kafa wa Ɗantani Kuku

Ɗantani shi ne babban kuku na wata makarantar kwana ta maza da ke gefen garin Talata Mafara, kuma ya haura shekara ashirin yana tuƙa tuwo a madafarta. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, wanda hayaƙin itace ya rina wa idanu tun yana matashi. Ɗalibai Baba Kuku suke kiransa. Abin da ke tafe labarin rayuwarsa ne a taƙaice, musamman abin da ya same shi a shekarar da aka zo makarantar gwajin tarin fuka. Na ji mafi yawansa daga bakinsa, sauran kuma daga mutane biyu da abin ya faru a gabansu. Inda maganarsu ta saɓa, na nuna.

An haife shi a Dosara ta ƙasar Maradun, ranar Litinin, wadda daga gare ta sunansa ya fito. Bai san shekarar ba, amma an gaya masa yana goye lokacin da manyan motoci suka fara wucewa zuwa aikin madatsar ruwa ta Bakolori, wato tsakiyar shekarun 1970. Mahaifinsa, Manu, manomin gero da gyaɗa ne. Mahaifiyarsa, Batulu, fura take yi, kuma a unguwarsu babu wadda ake yabon furarta kamar ita. Tun da hantsi yara suke cika ƙofar gidan, kowa da ƙwaryar da aka aiko shi da ita.

Yana ɗan shekara goma ko kusa da haka, Batulu ta fara tari cikin wata damina, kuma tarin bai tafi da daminar ba. A Dosara ta wancan zamani ba a kiran sunan wannan ciwo a gaban mai shi, sai dai a ce “tarin nan”. Abin da ake yi shi ne a ware wa mutum ƙwaryarsa da ludayinsa, a ɗaura zare a wuyan ludayin don kada wani ya ɗauka bisa kuskure. Ɗantani ya nanata mini cewa babu wanda ya zagi mahaifiyarsa, babu wanda ya daina gaishe ta. Yaran da ake aikowa ne kawai suka riƙa raguwa, yau a ga biyar, gobe a ga biyu, har ƙofar gidan ta koma wurin kwanciyar awaki. Ita kuwa ba ta daina daka ba. Kullum sai ta cura furar ta jera a faifai ta rufe, ta zauna tana saurare, har la'asar ta yi, furar ta yi tsami, a sa shi ya kai wa dabbobi. Ta rasu kafin kaka ta biyu. Ba a taɓa kai ta asibiti ba, don haka ba ni da hujjar cewa tarin fuka ne ya kashe ta. Shi dai cewa yake yi ya ji tarin da kunnensa, kuma ba zai taɓa kasa gane shi ba.

Abin da ya ɗauko daga wannan gida ba tsoron mutuwa ba ne. Tsoronsa shi ne ranar da zai dafa abinci a ƙi ci, ba tare da kowa ya gaya masa dalili ba.

Da ya tasa, ya tafi Bakura aikin ƙwadago a gonakin shinkafa na noman rani. Leburori kan kwana a gona, kuma kowace ƙungiya tana buƙatar wanda zai dafa mata. Aka lura cewa tuwonsa ba ya gudaji, aka bar masa tukunya. Daga nan wani malami ɗan Bakura ya yi masa hanyar aikin makarantar, a ƙarshen shekarun 1990. Ya auri Raliya, suka kama ɗaki biyu a Mafara, suka haifi 'ya'ya, babbarsu Hafiza. Rayuwarsa ta daidaita a kan ƙararrawa: koko da safe, abincin rana, tuwon dare. Yana da ɗan tari, kamar kowane mai aiki a bakin murhun ɗanyen itace, kuma bai taɓa kawo shi a ransa ba.

A shekarar 2023, cikin zangon karatu na biyu, aka gano tarin fuka a jikin wani ɗalibin babban aji, aka mayar da shi gida don ya fara shan magani. Mako na gaba, ranar Litinin, ma'aikatan lafiya suka zo suka kafa tebur a inuwar itatuwan dogon yaro, don a tantance duk wanda ke kwana ko aiki a makarantar: ɗalibai, malamai, masu gadi, masu shara da ma'aikatan madafa. Jagorarsu ita ce Hannah, wadda kowa ke kira Sista, 'yar asalin ƙasar Zuru da ta daɗe da zama a Mafara. Kafin a fara, ta tara jama'a ta yi musu bayani. Ta ce za a yi wa kowa 'yar allura a cikin fatar hannu, a dawo jibi a duba wurin. Ta ce idan wurin ya kumbura, ba yana nufin mutum yana da ciwon ba, alama ce kawai cewa a ƙara bincike. Ta kuma ce kada kowa ya taɓa wurin da komai.

Ɗantani bai ji wannan bayani ba. A lokacin da ake yin sa, talgen tuwo ya riga ya tafasa, an fara zuba gari, kuma duk wanda ya san tuwo ya san ba a ajiye muciya a tsakiyar tuƙi, balle a tukunyar da za ta ciyar da ɗaruruwan yara. Sai da ya kammala ya rufe, sannan ya fito yana share gumi, ya tarar layi ya kusa ƙarewa.

“Baba, kana tari?” in ji Sista Hannah, ba tare da ta ɗaga kai sosai ba, don ta gaji.

“A'a,” in ji shi.

Ta goge cikin hannunsa na hagu da auduga, ta soka allurar a kwance. Fatar ta ɗan tashi kamar cizon sauro. Ta zagaye wurin da biro.

“Kada ka sosa, kada ka shafa masa komai. Jibi in gan ka.”

A kan hanyarsa ta komawa madafa ya tambayi mai gadi abin da aka ce ɗazu. Mai gadin ya taƙaita masa bayanin kamar yadda shi ya fahimta: wanda nasa ya kwanta ya tsira, wanda nasa ya tashi ya kamu.

Da gari ya waye ranar Talata, nasa ya tashi. Wurin ya yi ja, ya yi tauri, faɗinsa ya kai farcen babban yatsa, ya cika zanen biron. Ya ce ya tsaya a bakin randa da buta a hannu ya manta abin da ya fito yi. Da ya isa madafa, abu na farko da ya kalla shi ne hannun Falalu, mataimakinsa, wanda ya girme wa Hafiza da kaɗan amma ya riga ya yi iyali. Hannun Falalu sumul yake, in ban da zanen biro da ya fara gogewa. Ɗantani ya sauke hannun rigarsa har wuyan hannu, abin da kuku ba ya yi a gaban wuta.

“Baba, yau sanyi kake ji?” in ji Falalu yana dariya. “Ko surukai za su zo?”

Ya juya ya ƙara itace a murhu. Duk safiyar nan yana haɗiye tari. In ya ci ƙarfinsa, sai ya zagaya bayan tarin itace ya toshe baki da hula. Da miya ta nuna, ya ɗebo a ludayi zai ɗiga a tafin hannu ya lasa, kamar yadda ya saba, sai ya kasa. Ya miƙa wa Falalu ya ce ya ji masa gishiri. Falalu ya gaya wa mutane daga baya cewa tun a nan ya san akwai magana, don Baba bai taɓa yarda da harshen wani a kan miyarsa ba.

Bayan an raba abincin rana, ya nufi kasuwa, domin Talata ce, kuma ya san Jibo yana gari. Jibo wanzami ne mazaunin Maradun, mai bin kasuwanni da zabirarsa, kuma ɗan gwaggon Ɗantani ne, wato taubashinsa. Bisa wasan da ke tsakaninsu, Ɗantani ɗan namiji ne, don haka shi ne ubangida, Jibo kuwa bawa. Ba su taɓa haɗuwa ba tare da an yi wannan tsiya ba.

“Ga sarkin gudaji nan!” in ji Jibo da ya hango shi, aska a hannu, kan wani dattijo a gabansa. “Yau ɗiyan wa ka kashe da tuwo?”

Ɗantani ya yi sallama, ya gaida mutanen da ke zaune a rumfar, ya tsuguna.

“A'a,” in ji Jibo, ya dakata da askin. “Yau ba a ce mani bawa ba? Lahiya dai? Ko Raliya ta gane ka, ta kore ka?”

“Ƙare aikinka, ina son ganinka.”

Suka zaga bayan rumfa. Ɗantani ya naɗe hannun riga. Jibo ya danna wurin da yatsa, ya ji taurinsa, ya nemi a ba shi labari tun daga farko. A nan ne maganar Jibo da ta Ɗantani ta saɓa. Jibo ya ce Ɗantani ne ya roƙe shi ya yi masa ƙaho a wurin, har da riƙe masa gefen riga, kuma shi ya faɗa masa cewa bai taɓa kafa ƙaho a wannan wuri ba, don ƙaho na baya ne da ƙeya da kafaɗa. Ɗantani ya ce shi shawara kawai ya je nema, Jibo ne ya kawo dabarar. Abin da duka biyun suka yarda a kai shi ne hujjar da Jibo ya bayar, kuma hujja ce da ta dace da duk abin da ya gada a sana'arsa.

“Ka san mi suka yi maka? Wagga allura tarko ta. Ta kira mugun jinin da ke yawo cikin jikinka, ya taru wuri guda don su gan shi da ido. To, abin da ya taru wuri guda, ai aikin ƙaho na. Sun yi rabin aiki, bari bawanka shi ƙarasa.”

“In an cire, ba za su gani ba?”

“Mi za su gani? Abin da ke cikin rairayi?”

Jibo ya zaɓo ƙaramin ƙaho, ya jiƙa fatar, ya kafa shi a kan kumburin, ya zuƙe iskar ta hudar da ke tsininsa ya liƙe. Da wurin ya taso, ya cire, ya tsattsaga shi da aska, ya mayar da ƙahon. Jinin da ya fito baƙi ne mai gudaji, kamar yadda jinin ƙaho yake fitowa a jikin kowa. Jibo ya nuna masa.

“Ga tarinka nan. Gaishe shi, ba ku ƙara gamuwa.”

Ya zubar ya tura ƙasa a kai. Ɗantani ya ce a wannan lokaci ya ji kamar an sauke masa buhu daga ƙirji, har ya samu bakin ce wa Jibo bawan banza. Abin da bai lura da shi ba shi ne bayan rumfa a ranar kasuwa ba ɓoyayyen wuri ba ne. Cikin masu jiran aski akwai mutumin da ke kai wa makarantar itace, kuma ya ga komai ta tsakanin karan rumfar.

Ya ɗaure hannun da tsumma, ya koma ya tuƙa tuwon yamma a gaban wuta, gumi yana bin tsagar. Da safiyar Laraba hannun ya kumbura daga wuyansa har gwiwa, yana zafi kamar an ɗora garwashi, tsumman ya manne. Ya yi tunanin ya gudu Dosara ya ce rasuwa aka yi, amma hanyar ba ta biyuwa yadda aka ga dama a shekarun nan, kuma ya san rashin zuwansa ma amsa ce. Ya bi layi a can ƙarshe. Yana kallon Sista Hannah tana shafa hannun kowa da yatsa, tana aunawa da ɗan ma'auni, wasu ta sallame su, wasu ta yi musu magana a hankali yadda na baya ba zai ji ba. Da layi ya zo kansa, ya miƙa mata hannun.

Ta jiƙa tsumman ta ɓamɓare shi. Ta dubi tsagar.

“Baba, me ya sami hannun nan?”

“Mai ya fallatso mani.”

“Mai ba ya yin tsaga a jere.” Ta ɗago ta dube shi. “Wanzami?”

Ya sunkuyar da kai.

“Ya tashi ne, ka ji tsoro?”

“Sista, ki rufa mani asiri. Abinci nika dahwawa. In aka ce ina da shi, na ƙare.”

Ta sa aka kawo masa kujera, ta juya wa sauran mutane baya, ta yi masa bayanin da ya wuce shi ranar Litinin. Ta ce kumburin ba shi ne ciwon ba, kuma babu wani jini da ya taru a ciki. Alama ce cewa jikinsa ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar, ko da yana yaro ne, kuma mutane da yawa suna rayuwa haka har tsufa ba su yi ciwon ba, ba su kuma sa wa kowa ba. Ta ce da ya bar shi, da ta auna, a gwada kakinsa, a ɗauki hoton ƙirjinsa, in babu komai ya koma bakin tukunyarsa cikin 'yan kwanaki ba wanda ya sani.

“Yanzu ba ni da abin da zan auna,” in ji ta. “Kuma kumburin nan da bai raba ka da madafa ba. Wannan mikin shi zai raba ka. Ba zan bar ka ka taɓa abincin yara da buɗaɗɗen ciwo ba. To, in sake tambayarka, ka gaya mini gaskiya. Kana tari?”

“Ina yi.”

“Tun yaushe?”

“Tun da na fara aiki.”

Shugaban makarantar, Malam Sadiƙ, ya ce ya je gida ya huta har hannun ya warke, sakamako kuma ya fito. Falalu ya karɓi muciya. Kafin Juma'a labari ya gama unguwannin da ke kusa, kuma ya gama su a sigar da mai itace ya ba shi: an zuƙo tarin fuka daga hannun kukun makaranta, shi ya ga jinin da idonsa. Sista Hannah ta shaida mini cewa ba Ɗantani kaɗai ne hannunsa ya tashi ba. Akwai malamai da ɗalibai da dama, kuma har yau ba wanda ya san sunayensu, domin kowa shi kaɗai aka gaya wa. Sunan da ya shiga kasuwa guda ɗaya ne, na mutumin da ya fi kowa ƙoƙarin ɓoyewa.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi tsanani. Mikin ya yi ruwa, ya kawo zazzaɓi, zazzaɓin ya kawo gumi da ƙin abinci. Waɗannan kuwa suna cikin alamomin da aka lissafa masa a asibiti ranar da ya kai kakinsa a 'yar roba. Duk da an gaya masa cewa mikin ne ke jawo su, kuma an ba shi maganinsa, shi ya riga ya yanke wa kansa hukunci. Ya daina zuwa masallacin unguwa don kada ya yi tari a sahu. Ya hana ƙananan 'ya'yansa shiga ɗakinsa. Wata rana Raliya ta tarar ya ware kwano ɗaya da cokali ya tura ƙarƙashin gado.

“Baban Hafiza, wanga kuma mi na?”

“Nawa na. Kada kowa shi taɓa.”

“Wa ya ce maka? Likita?”

“Ba sai an ce ba.”

Ta durƙusa ta jawo kwanon, ta jefa shi cikin sauran wanke-wanke. “In likita ya ce a ware, ni da kaina zan ware. Amma ba kai da Jibo ba. Kun yi naku likitancin, mun ga inda ya kai mu.”

Ranar da aka kira shi karɓar sakamako, ya zauna a benci cikin masu jira, kusa da wani mutum da ciwon ya ci har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ce bai iya kallonsa ba, bai kuma iya daina kallonsa ba. Da aka shigar da shi, likita ya ce ba a ga ƙwayar cuta a kakinsa ba, hoton ƙirjinsa ma bai nuna ciwon ba, tarin da yake yi kuwa ya fi kama da na hayaƙi. Amma bisa ga kumburin da ya kwatanta, da zaman da ya yi da mahaifiyarsa, da kuma ɗalibin da aka samu, likitan ya ga ya dace ya sha maganin rigakafi na wata uku. Ɗantani bai gaskata ba. Sai da ya nemi Sista Hannah a ofishinta ta maimaita masa da irin Hausar da ya saba, sannan ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula.

Ya ɗauka magana ta ƙare. Da hannun ya rufe, ya sa fararen kaya ya je wurin Malam Sadiƙ. Bayan doguwar gaisuwa, shugaban ya yi ta gyara takardun da ke gabansa.

“Baba, ni na san lafiyarka lau. Amma iyayen yara sun zo mini har sau biyu. Wasu sun ce za su kwashe 'ya'yansu. Me zai hana ka koma kula da ɗakin ajiya? Albashinka yana nan yadda yake.”

“Ranka shi daɗe, ni ba buhu na iya ƙirga ba. Tuwo na iya.”

“Na sani. To, ranar Asabar akwai taron iyaye. In ka yarda Sista ta faɗi sakamakonka a gabansu, sai mu ga abin da Allah zai yi. In ba ka yarda ba, ba mai tilasta ka.”

Ya ce kwanakin da ke tsakaninsa da Asabar ɗin sun fi na jiran asibiti nauyi, domin a asibiti mutum ɗaya ne zai yanke masa hukunci. Ya yarda. Aka yi taron a babban ɗakin cin abinci, inda ya shekara ashirin yana tsayawa a bayan tagar rabo. Sista Hannah ta yi bayani. Sannan aka ce ko yana da magana. Ya miƙe, ya naɗe hannun riga ya ɗaga tabon. Ya ce tsoro ya ji, ya je aka yi masa ƙaho, kuma abin da aka gani a kasuwa jininsa ne, ba tari ba. Sannan ya zauna.

Wani uba daga Bakura ya tashi ya yi tambayar da ke ran mutane da yawa: in ba shi da ciwon, don me ake ba shi magani? Sista ta amsa cewa ana gyara katanga tun kafin damina, ba sai ta faɗi ba. Wasu suka gyaɗa kai, wasu kuwa ba su ƙi ba, ba su kuma karɓa ba. Aka daɗe ana ja. A ƙarshe wani dattijo ya kawo matsaya, aka bi ta don kowa ya gaji: Ɗantani ya koma ya tuƙa tuwo, tunda wuta tana kashe komai, amma Falalu ne zai riƙa tsayawa a taga yana zuba wa yara. Sista Hannah ta ce wannan rabo ba shi da tushe a ilimin lafiya, domin mai lafiya mai lafiya ne a bakin murhu da bakin taga. Ba wanda ya musa mata, ba wanda kuma ya janye matsayar.

Ranar Litinin ya koma. Hannun ya yi rauni, muciya ta yi masa nauyi, amma ya tuƙa ya kwashe ya jera malmala, Falalu da sauran suka ɗauka zuwa taga. Da aka buga ƙararrawa, ya tsaya a bayan bango inda ba a ganinsa, yana sauraro. Ya ji gudun ƙafafu, ya ji ƙarar kwanuka, amma daga inda yake ba zai iya sanin ko ci ake yi ko zubarwa ba. Hayaƙi ya turnuƙe shi, tari ya taso, ya danne shi har hawaye suka zubo.

“Baba, yi tarinka,” in ji Falalu daga taga, ba tare da ya juyo ba. “Ba mai jin ka. Faɗa suke yi a kan ƙanzo.”

Da aka dawo da manyan farantai, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Ya leƙa har cikin garwar da ake zuba saura. Abin da ke ciki bai fi na kullum ba.

Ya sha maganinsa har ya ƙare. Jibo kuwa har gobe yana gaya wa masu aski cewa ƙahonsa ne ya sa hoto bai ga komai ba, kuma akwai masu yarda da shi, abin da ke damun Sista Hannah fiye da yadda yake damun Ɗantani. Yawancin iyayen da suka yi wancan taro 'ya'yansu sun gama sun tafi, kuma mai yiwuwa babu wanda zai hana shi komawa taga in ya nema. Na tambaye shi dalilin da ya sa bai nema ba. Ya dubi ƙofar madafa kafin ya amsa, ya rage murya, ya ce maganar da ta kwanta ba a tashin ta, kuma shi tukunya aka bar masa, ta ishe shi.